Daga Onabolu Zuwa Ona: Tarihin Yadda Masu Zanen Nijeriya Suke Bayyana Tushen Fasaharsu

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci waƙar baka ta Hausa ya san cewa mawaƙi ba ya jiran wani ya gabatar da shi. Shi da kansa yake faɗin inda ya samo waƙa, ko gado ya yi ko haye, ya ambaci ubangidan da ya yi wa amshi har ya ƙware, ya kuma yi wa kansa kirari a bainar jama'a. Mai zane kuwa aikinsa ba ya magana. Idan ya gama shafa launi a kan ƙyalle ko bango, sai mai kallo ya tsaya yana tambayar abin da ake nufi da kuma inda aka samo shi. Neman amsar wannan tambaya shi ne ya tilasta wa masu zanen zamani na Nijeriya yin jawabai da rubuce-rubuce game da aikinsu tun daga farkon ƙarni na 20.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan bayani. Za a duba abubuwa uku: inda masu zane suke cewa tunani yana zo musu, da abin da suke zaɓa su zana, da kuma hanyar da suke bi wajen zana shi. Abin da ake son nunawa shi ne, a kowane zango na wannan tarihi, muhawarar tana komawa ne ga harshe, wato kalmar da mai zane ya zaɓa ya kira tushen aikinsa da ita. An fara da kalmomin Ingilishi zalla, aka gangaro har zuwa lokacin da wasu suka ɗauko sunaye daga harsunan Igbo da Yarbanci. Daga nan za a duba dalilin da ya sa harshen Hausa, wanda a ƙasarsa aka kunna wutar wannan yunƙuri, bai ba da irin wannan suna ba.

2.0 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a daidaita ma'anar kalmomin da za a yi amfani da su. Kalmar zane, mai dogon wasali a gaɓar farko, ta fito ne daga aikatau zana, kuma asalin ma'anarta jan layi ne a kan wani abu, ko ƙasa ko ƙwarya ko fuska. Ta bambanta da zane na ɗaurawa ta fuskar tsawon wasali da karin sauti, ko da yake rubutun yau da kullum ba ya nuna wannan bambanci. Da yake layi ne tushenta, ba ta ɗauke da ma'anar launi. Fenti kuwa, wadda aka aro daga Ingilishi, tana ɗauke da launi, amma da zarar an ce mai fenti, abin da yake faɗowa a ran Bahaushe shi ne mai shafe bangon gida ko jikin mota. Hoto ta karkata ga na kyamara, sura kuma ta fi yawa a bakin malamai idan ana maganar hukunci.

Saboda haka, a wannan maƙala, mai zane yana nufin wanda yake amfani da launi da buroshi ya fitar da wata siffa a kan ƙyalle ko katako ko takarda ko bango domin a kalla. Abin da yake motsa shi an kira shi ilhama, an kuma guje wa kalmar wahayi domin ta keɓanta ga annabawa. Abin da aka zana an kira shi jigo, hanyar zanawa kuma salo, kamar yadda aka saba a fagen nazarin adabi.

3.0 Zangon Farko: Onabolu da Murray da Enwonwu

Mutumin da ake ɗauka a matsayin uban zanen zamani a Nijeriya shi ne Aina Onabolu, wanda aka haifa a Ijebu-Ode a 1882, ya rasu a 1963. Da kwaikwayon hotunan littattafai da mujallun Turawa ya koya wa kansa zane. A zamaninsa Turawa da yawa suna ganin cewa baƙar fata ba zai iya zana mutum ya fitar da kamanninsa sak ba, iyakarsa dai sassaƙa. Wannan raini shi ne ya zama ilhamar Onabolu. Jigonsa manyan mutanen Legas ne, lauyoyi da likitoci da limaman coci da matan manya, cikin shigarsu ta alfarma. A 1920 ya yi nunin ayyukansa a Legas, ya kuma fitar da ɗan littafi mai suna A Short Discourse on Art, inda ya bayyana matsayinsa game da fasahar zane. A wannan shekara ya tafi karatu Landan, daga can ya wuce Faris, ya dawo gida a 1922. A koyarwarsa ya dage ƙwarai a kan ƙa'idar nesa da kusa, wadda take sa abin da yake nesa ya ƙanƙance a cikin zane, har aka yi masa laƙabi da sunan ƙa'idar. Wato ke nan, Onabolu ya bayyana aikinsa da harshen waɗanda yake jayayya da su, kuma da ma'auninsu ya nemi a auna shi.

Onabolu ne ya matsa wa gwamnati lamba a kan a kawo ƙarin malamin zane, aka kawo Kenneth Murray daga Ingila a 1927. Abin mamaki shi ne ra'ayin baƙon ya saɓa wa na mai masauki. Murray ya riƙa hana ɗalibansa kwaikwayon Turai, yana umartarsu da su zana rayuwar ƙauye, kamar kasuwa da kamun kifi da hawan kwakwa, su kuma koyi sana'o'in gargajiya na garuruwansu. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa biyar Landan aka nuna. Ga baƙar fata yana cewa a ƙware a ilmin Bature, ga Bature yana cewa a koma ƙauye. Wannan saɓani shi ne ya zama gadon da duk masu zanen baya suka tarar.

Daga cikin ɗaliban nan biyar, wanda ya fi shahara shi ne Ben Enwonwu, haifaffen Anacha a 1917, wanda ya rasu a 1994. Mahaifinsa masassaƙi ne, shi kuma ya yi karatu mai zurfi a Ingila, ke nan ya haɗa gado da boko. Jigon da ya fi komawa gare shi shi ne rawa da dodannin bukukuwan Igbo, inda yake miƙar da gaɓoɓin jiki da wuya domin ya kama motsi. Da ya tashi bayyana dalilinsa sai ya jingina da aƙidar Negritude, wadda marubuta baƙar fata masu amfani da Faransanci irin su Senghor suka yaɗa, mai kira ga baƙar fata ya yi alfahari da asalinsa. Ya halarci taron marubuta da masu fasaha baƙar fata da aka yi a Faris a 1956. A nan jigo ya dawo gida, amma kalmar da aka bayyana shi da ita baƙuwa ce har yanzu.

4.0 Zango na Biyu: Ƙungiyar Zariya, 1958 zuwa 1961

A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya. Wannan kwaleji ita ce ta zama ɗaya daga cikin ginshiƙan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yawancin malaman sashen Turawa ne, manhajar kuma irin ta makarantun zane na Ingila ce. A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi musu laƙabi da 'Yan Tawayen Zariya. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke da Oseloka Osadebe da Emmanuel Odita. Ƙungiyar ba ta wuce shekara uku ba, domin ta watse a 1961, amma tasirinta ya mamaye rabin ƙarni.

A 1960, shekarar samun mulkin kai, Uche Okeke ya gabatar wa 'yan ƙungiyar jawabin da aka sani da sunan Natural Synthesis, wato haɗuwa irin ta ɗabi'a wadda ba a tilasta ta ba. Ma'anar jawabin a taƙaice ita ce, kada mai zane ya zama ɗan koren Turai, kada kuma ya zauna yana maimaita abin da kakanni suka yi. Abin da ya dace shi ne ya san fasahar mutanensa ciki da waje, sa'an nan ya ɗauki abin da yake da amfani daga waje ya haɗa. Misalin da ya fi kusa da fahimtar manomi shi ne mangwaro mai aure: saiwar ta gida ce, reshen kuma daga wani wuri aka kawo. Da wannan jawabi aka warware saɓanin Onabolu da Murray, aka ba kowannensu rabin gaskiya.

Abin lura a nan shi ne yadda 'yan ƙungiyar suka aiwatar da wannan ra'ayi. Kowannensu ya koma garinsu neman saiwa. Uche Okeke, wanda asalinsa mutumin Nimo ne amma a Kafanchan ya tashi, ya tattara tatsuniyoyin Igbo, ya kuma koma ga mahaifiyarsa domin ta nuna masa zanen uli. Onobrakpeya ya ɗauki tatsuniyoyi da al'adun Urhobo ya mayar da su jigonsa. Ya kuma sha bayyana cewa salon ɗab'in da ya shahara da shi ya samo asali ne daga wata ɓarna da ruwan asid ya yi wa farantin aikinsa a 1967, da ya zo gyara sai ya gano sabuwar hanya. Yusuf Grillo, ɗan Legas, ya zana makaɗa da matan Yarbawa cikin launin shuɗi da shunayya masu tuna wa mai kallo rinin adire, yana rarraba siffofi bisa lissafi. Demas Nwoko ya zana jami'an mulkin mallaka cikin sigar ba'a a jajibirin samun 'yanci, daga baya ya karkata ga ginin siffofin yumɓu irin na Nok da kuma tsara gine-gine.

Ke nan a wannan zango an sami sabon nau'in bayani. Mai zane ya daina cewa ya iya kamar Bature, ya daina magana da sunan baƙar fata baki ɗaya, ya koma ambaton wata al'umma takamaimai da wata fasaha takamaimai. Sai dai taken da ya haɗa su duka na Ingilishi ne.

5.0 Zango na Uku: Sunaye Daga Harsunan Gida

5.1 Oshogbo

A 1962 Duro Ladipo, mai wasan kwaikwayo, ya buɗe dandalin Mbari Mbayo a Oshogbo tare da goyon bayan Ulli Beier. A tarurrukan koyon zane da aka yi a can, musamman na 1964 wanda Georgina Beier ta jagoranta, an sami matasa waɗanda ba su yi dogon boko ba, yawancinsu makaɗa da 'yan wasa. Bayaninsu ya fi kama da na mawaƙan baka. Twins Seven-Seven, wanda ya rasu a 2011, ya danganta sunansa da aikinsa ga tarihin haihuwarsa, domin ya ce shi kaɗai ya rayu daga cikin tagwaye bakwai da mahaifiyarsa ta haifa a jere, kuma jigonsa iskoki ne da dabbobin tatsuniyar Yarbawa. Jimoh Buraimoh ya ɗauko salon liƙa duwatsun ado a jikin zane daga kambunan sarakunan Yarbawa. Su waɗannan ba su rubuta takardar manufa ba. Da labarin rayuwa da tatsuniya suka bayyana kansu.

5.2 Uli

Bayan yaƙin basasa, wanda ya ƙare a 1970, Uche Okeke ya karɓi shugabancin sashen zane na Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. A nan ne kalmar uli ta tashi daga sunan sana'ar mata ta zama sunan makarantar zane. Asalin uli shi ne zanen da matan Igbo suke yi a jiki da ruwan 'ya'yan wani tsiro, da kuma a bangon gidaje da wuraren bauta. Kowace siffa tana da sunanta, kamar isinwaoji, wadda aka ɗauko daga kan goro, da agwolagwo, wadda take nuna naɗewa irin ta maciji, da ntupo, wato ɗige-ɗige. Masu zane irin su Chike Aniakor da Obiora Udechukwu sun karɓi waɗannan sunaye tare da ƙa'idojin da suke tafe da su: siririn layi da ake ja sau ɗaya ba gyara, da taƙaitawa, da barin fili ba komai domin shi ma yana magana. Udechukwu ya yi amfani da wannan salo ya zana yunwa da gudun hijira da wahalar talaka da zaluncin masu mulki, ya kuma ƙara da alamomin nsibidi na yankin Kuros Riba. Wannan ya nuna cewa kalmar gida ba ta ɗaure mai zane ga jigon gargajiya. A 1997 an yi nunin ayyukan masu zane bakwai na Nsukka a birnin Washington na Amurka.

5.3 Ona

A 1989 wasu da suka yi karatu a Jami'ar Ife, wato Moyo Okediji da Kunle Filani da Tola Wewe da Bolaji Campbell da Tunde Nasiru, suka kafa ƙungiyar Ona. A Yarbanci kalmar tana nufin ado da tsari da gwaninta, kuma ana jin ta a cikin sunayen iyalan masassaƙa. Sun ɗauki siffofin da ake samu a sassaƙa da adire da ƙwarya, wasunsu kuma suka koma amfani da launukan ƙasa irin waɗanda mata suke shafe bangon wuraren bauta da su. Da uli da ona duka 'ya'yan jawabin Zariya ne, bambancin kawai shi ne yanzu an raɗa wa yaro suna da harshen uwarsa.

Amfanin wannan suna ya wuce alfahari. Idan mai zane ya ce aikinsa uli ne, ya ba mai kallo ma'aunin da zai auna shi da shi, ya kuma shigar da tsofaffin matan ƙauye cikin sahun malamansa. Tare da sunan ake samun tarin kalmomi na yabo da kushe, waɗanda ɗalibi zai yi tunani da su tun kafin ya ɗauki buroshi.

6.0 Matsayin Hausa a Wannan Tarihi

6.1 Jigo Ba Tare da Kalma ba

Ƙasar Hausa ba ta ɓace daga zanen Nijeriya ba. Hasali ma tana cikin jigogin da aka fi zanawa: hawan daba, da masu kakaki da algaita, da 'yan matan Fulani masu tallan nono, da marina. Jimo Akolo, wanda ya yi karatu a Zariya tare da su Okeke ya kuma daɗe yana koyarwa a can, ya zana mahaya dawaki da sauran al'amuran rayuwar Arewa. Gani Odutokun, wanda aka haifa a Ghana a 1946, ya koyar a Zariya har rasuwarsa a haɗarin mota a 1995, shi ma ya zana dawakin daba, ya kuma bayyana salonsa a matsayin haɗa katari da tsari: yakan tsiyaya fenti mai ruwa-ruwa ya bar shi ya gangara yadda ya ga dama, sa'an nan ya bi shi ya sarrafa. Hawan daba da aka yi a Kaduna lokacin bikin FESTAC na 1977 ya ƙara wa wannan jigo farin jini. Amma duk da haka, babu wata makarantar zane mai sunan Hausa da ta yi tashe a ƙasa baki ɗaya kamar yadda uli da ona suka yi. Arewa ta ba da abin kallo, ba ta ba da kalmar bayani ba. Malamin Hausa da yake aiki a kudancin ƙasar nan yakan ji nauyin wannan giɓi duk lokacin da abokan aikinsa na sashen zane suka tambaye shi takwarar ona a harshensa.

Ba rashin kaya ne ya jawo haka ba. A cikin birnin Zariya, tafiyar 'yan mil kaɗan daga Samaru inda kwalejin take, akwai Masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, da gidaje masu adon bango na taɓo da makuba. Magina ba su tsaya ga tsofaffin siffofi ba, domin a ƙarni na 20 sun shigar da keke da mota da agogo a fuskar gidaje, wato sun yi tasu haɗuwar ta ɗabi'a ba tare da jawabi ba. Akwai dagi, wanda ya zama tambarin Arewa. Akwai aikin babbar riga da sunayensa, kamar aska biyu da aska takwas da tambari da linzami. Akwai zayyana, wadda ake ƙawata allon mai saukar Alƙur'ani da ita, da adon da marubuta suke sakawa a cikin mus'hafi. Ga kuma zanen ƙwarya da na dukawa da ƙunshin mata. David Heathcote, wanda ya koyar da tarihin fasaha a Zariya, ya tattara da yawa daga cikin waɗannan, aka nuna su a Landan a 1976.

6.2 Dalilan Giɓin

Ana iya kawo dalilai uku. Na farko, ɗaliban farko na sashen zane na Zariya kusan dukkansu daga kudu suka zo, kuma jawabin 1960 ya umarci kowa ya koma ga fasahar mutanensa. Da suka bi umarnin sai suka bar Zariya a baya. Na biyu, akwai tsantsenin da malamai suke da shi game da zana surar abu mai rai, wanda ya sa iyaye da yawa ba su ɗauki zanen boko a matsayin karatun da za a tura yaro ba. Da yake manhajar ta ginu ne a kan zana jikin mutum, ƙofar ta yi wa ɗan Musulmin Arewa ƙunci tun daga farko. Na uku ya shafe mu kai tsaye. Masu nazarin Hausa sun ba da ƙarfinsu ga nahawu da adabi, suka yi hira da mawaƙa da marubuta, suka samar da kalmomin nazari kamar jigo da salo da zubi da tsari. Magini da maɗinki da mai zayyana kuwa an fi sanya su a babin sana'o'in gargajiya, inda ake lissafa kayan aiki da matakan aiki, ba a cika tambayarsu abin da ya sa wannan ado ya fi wancan kyau a wurinsu ba.

6.3 Darasi Daga Sudan

Cewa dalili na biyu ba katanga ba ce da ba ta tsallakuwa, ana iya ganin haka a tarihin Ibrahim El-Salahi, wanda aka haifa a Omdurman ta ƙasar Sudan a 1930. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne. Ya yi karatun zane a Landan a tsakiyar shekarun 1950, ya dawo ya nuna ayyukansa irin na Turai a Khartum, sai ya ga jama'a ba su kula ba. Ya sha bayyana cewa wannan shi ya sa ya shiga duba abin da mutane suke ratayawa a ɗakunansu, ya tarar rubutun Larabci ne da adon kayan gida. Daga nan ya riƙa warware haruffa yana fitar da siffofi daga cikinsu. Daga baya ya mayar da itacen da Sudaniyawa suke kira haraz, wato gawo, ya zama jigonsa, itacen da yake kaɗe ganye da damina ya yi kore da rani. An nuna ayyukansa a dandalin Mbari na Ibadan a farkon shekarun 1960, kuma salonsa ya yi tasiri a kan wasu masu zanen Nsukka. A 2013 gidan nune-nune na Tate Modern da ke Landan ya yi babban nunin ayyukansa. Allo da tawada da gawo duka abubuwa ne da ɗan Kano ko Katsina ya tashi a cikinsu. Abin da El-Salahi ya yi shi ne ya ɗauke su a matsayin tushe, ya kuma faɗi haka da bakinsa.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin yadda masu zanen Nijeriya suke bayyana aikinsu ta zanguna uku. Onabolu ya yi magana da ma'aunin Turai domin ya kawar da raini. Ƙungiyar Zariya ta ce a haɗa na gida da na waje, amma da Ingilishi ta faɗa. Masu uli da ona suka kammala tafiyar, suka kira tushensu da sunansa na asali. An kuma nuna cewa ƙasar Hausa ta kasance jigo a hannun masu zane, alhali kalmominta na ado ba su shiga fagen bayani ba.

Raɗa wa makarantar zane suna aikin masu zane ne, ba a yi musu shi daga ofis. Amma akwai aikin da ya rataya a wuyan masana harshe. Ya kamata a zauna da magina da maɗinka da masu zayyana da masu ƙwarya, a ɗauki maganarsu da Hausa kamar yadda aka ɗauki ta mawaƙa, a tambaye su sunan kowace siffa da wanda ya koya musu ita, da kalmomin da suke yabon aiki ko kushe shi da su, kamar tsafta da cika da kauri da hayaniya. Ya kamata kuma sassan harsuna da sassan zane na jami'o'inmu su haɗa hannu wajen tsara waɗannan kalmomi domin amfanin ɗalibai. Lokaci ba ya jira, domin bulo da siminti sun ci yawancin gidajen taɓo, keken ɗinki kuma ya rage masu aikin hannu, kuma duk gwanin da ya rasu yakan tafi da kalmominsa. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Haka ma bayanin zane.